Zuwa ga Aminina a Innsbruck: Ka Nemi Wannan Tsohon Fim

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya aiki, yaya kuma fama da sanyi? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gari tun makon jiya. Hajiya ƙafa ta yi sauƙi, har ta fara fita unguwa, ta ce in gaishe ka da kyau.

Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Ka ce tunda ƙanƙara ta sauka abokan aikinka ba su da wata hira sai ta tseren zamiya daga kan dutse, kai kuwa sai dai ka yi zuru a cikinsu, domin ka rasa abin sha'awa a ce mutum da hankalinsa ya hau ƙololuwar dutse don kawai ya sulalo ƙasa. To wannan magana ce ta sa na zauna rubuto maka doguwar wasiƙa. Akwai wani tsohon fim na Amurka da nake so ka nema ka kalla kafin sanyin bana ya wuce, sunansa Downhill Racer, ya fito a 1969. A duk fina-finan wasanni da na sani, babu wanda ya kai shi faɗin gaskiya a kan abin da ake kira nasara, da kuma irin mutumin da yake samun ta.

Robert Redford ne jarumin, a shekarar da tauraronsa ya fara haskawa sosai. Gene Hackman ya fito a matsayin kocin 'yan wasan Amurka, Eugene Claire. Dukansu biyu sun rasu a 2025, Hackman a watan Fabrairu, Redford a watan Satumba, kuma rasuwar Redford ɗin ce ta sa na koma na sake zama a gaban fim ɗin. Michael Ritchie ne ya ba da umarni, shi ne ma fim ɗinsa na farko na silima. Wanda ya rubuta labarin kuwa James Salter ne, marubucin da ya taɓa tuƙa jirgin yaƙi a yaƙin Koriya. Ina ganin wannan ya yi tasiri, domin mutumin ya san halin mazajen da sana'arsu ita ce gudu a bakin mutuwa, ya san ba su cika surutu ba. Za ka daɗe kana kallo ba ka ji wani ya yi doguwar magana ba.

Ga yadda labarin yake farawa. Ɗaya daga cikin 'yan wasan Amurka ya faɗi a wata gasa a Turai ya ji mummunan rauni, sai koci ya aika a turo masa wasu biyu daga gida. Ɗayansu shi ne David Chappellet, ɗan wani ƙaramin gari da ake kira Idaho Springs a jihar Kolorado. Ya iso Wengen ta ƙasar Suwizalan, aka miƙa masa lambar ƙirji 88, ya dube ta, ya ce shi ba zai yi tseren ba.

Sai ka san yadda wasan yake kafin ka gane wannan taurin kai. Ba tare ake tashi ba. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin su, agogo ne alƙali. Gwanaye su ake ba lambobin farko, su bi hanya tana sumul. Kafin a zo kan na 88, mutum tamanin da bakwai sun riga sun kwarzane ta, sun bar ramuka da kwazazzabai a kowace kwana. Ka tuna hanyar ƙauyenmu da damina idan manyan motoci sun gama dagargaza ta, sannan a ce mai babur ya zo ya yi gudun da na farko ya yi? To haka abin yake. Don haka Chappellet yana da hujja. Amma kuma baƙo ne da babu wanda ya san shi, bai taɓa cin komai a Turai ba, ga shi yana neman matsayin da wasu suka shekara suna nema. Fim ɗin bai gaya maka wanne za ka ɗauka ba, tsakanin hujjarsa da girman kansa. Ya ajiye maka su biyun ne, ya wuce.

Gasa ta gaba a St. Anton, nan jiharku ta Tirol a ƙasar Ostiriya, aka sake jefa shi can baya. Ya yi ƙorafi, amma ya shiga, ya zo na huɗu. Sai kai ya ƙara kumbura. A Kitzbühel kuma ya faɗi warwas. Ka lura da abin da ya biyo baya, domin nan ne Hackman ya nuna shi gwani ne. Chappellet yana ta ɗora laifi a kan lalacewar hanya da lambar da aka ba shi. Kocin bai ɗaga murya ba, bai yi masa wa'azin ƙarfafa zuciya irin wanda muka saba gani a fina-finan ƙwallo da dambe ba. Ya dai gaya masa a fili cewa ƙarfinsa ne ya ƙare a hanya, shi ya sa tudun ƙanƙara ya yar da shi. Magana ce ta mai sana'a ga mai sana'a, babu lallashi a cikinta, babu kuma ƙiyayya.

Inda fim ɗin ya fi kama ni babu ƙanƙara a cikinsa sam. Da bazara Chappellet ya koma gida wurin mahaifinsa. Gida ne na talaka a bayan gari, tsoho shi kaɗai. Ɗa ya dawo daga Turai, amma babu wata tarba ta a zo a gani. Suna tsaye a ɗakin girki, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa, maganar ba ta wuce guntu-guntu ba. Ya ari tsohuwar Chevrolet ɗin uban ya shiga gari, ya ɗauko tsohuwar budurwarsa, da ta fara neman shawararsa a kan rayuwarta sai ya yi kunnen uwar shegu da ita. Daga baya uban ya tambaye shi, wai wannan abu da yake yi, wanda ba kuɗi yake kawowa ba, don me yake yin sa? Ya ce don ya zama zakara, a san da shi. Tsohon ya ce ai duniya cike take da irinsu. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Wallahi duk lokacin da na zo wurin nan sai jikina ya yi sanyi. Ka ga daga inda rashin sakin fuskar yaron ya samo asali, ka ga yunwar da take cin sa, ba tare da an kawo maka wani labarin yarinta ko an sa kiɗan tausayi ba. Kuma ba a ce maka ka yafe masa halinsa saboda haka ba. Na kuma daɗe ina tunanin tsohon. Da farko mutum zai ce mugun uba ne. Amma tambayar da ya yi tambaya ce ta gaske, kuma har fim ɗin ya ƙare babu wanda ya ba ta amsa mai gamsarwa. Kusan ita ce tambayar da ka yi mini a saƙonka.

Sai maganar ɗaukar hoto, wadda ita kaɗai ta isa ta sa ka nemi fim ɗin. Ba a ɗakin shirya fim aka haɗa duwatsun ba. A farkon 1969 suka bi ainihin gasannin kofin duniya, Wengen da Kitzbühel da St. Anton da Megève ta Faransa, suka ɗauki taron jama'a na gaske da 'yan tsere na gaske, suka cusa 'yan wasansu a ciki. Shi ya sa wani lokaci za ka ɗauka labaran talabijin kake kallo. Mutane suna gilmawa a gaban kyamara, maganganu suna hawa kan juna, mai sanarwa yana ta kiran lambobi da Jamusanci da Faransanci. Akwai wani matashin ɗan tsere, Joe Jay Jalbert, shi ne yake yin gangarar a madadin Redford, shi ne kuma ya rungumi kyamara a hannu ya sulalo da ita daga kan dutse. A zamanin babu 'yan ƙananan kyamarorin nan da ake maƙalawa a hular kwano. Abu ne mai nauyi, mutum ya riƙe shi yana gudun da ya kai na mota a babban titi.

Abin da ya fito daga wannan ganganci sai ka gani da idonka. Bakin allunan zamiya guda biyu suna karkarwa a ƙasan hoto, farar ƙasa tana tahowa da gudu, itatuwa da 'yan kallo suna wucewa kamar walƙiya, hanya ta karkata, sai ƙasa ta ɓace gaba ɗaya ka ji kana sama. Ba a cika sa kiɗa a wuraren ba. Iska ce kawai, da ƙarar ƙarfe yana kankare ƙanƙara. Ni da ban taɓa taka dusar ƙanƙara ba, sai na ga na damƙe hannun kujera. Haka nan 'yan sakan ɗin da suke gabanin tashi, a 'yar bukkar da ke saman dutse: mutum yana gyara tabarau, yana fitar da numfashi kamar hayaƙi, ana ƙirga masa, duniya ta yi tsit. A nan za ka gane abin da abokan aikinka suke ji idan suna wannan hira. Hanyar Lauberhorn ta Wengen ta haura kilomita 4, ita ce mafi tsawo a gasar kofin duniya, ana gama ta cikin minti biyu da rabi ko kusa da haka. A kanta ne wani Bafaranshe, Johan Clarey, ya kai gudun kilomita 161.9 a awa a 2013. Shekara guda ta horo da wahala, a cikin waɗannan mintoci take tabbata ko ta tashi a banza, kuma sau da yawa abin da ya raba na ɗaya da na biyu bai kai ƙiftawar ido ba.

Fim ɗin bai ɓoye maganar kuɗi ba. A lokacin dokar Olamfik ta ce ɗan wasa ba zai ci abinci da wasansa ba, don sha'awa kawai zai yi. Amma ga koci yana yawo wurin attajirai yana roƙon gudummawa da daɗin baki, ga kuma wani mai masana'antar allunan zamiya, Machet, yana zagaye Chappellet don ya hau kayansa ya zame masa talla. Kowa ya san abin da ake ciki, kowa ya kau da kai. Ba ƙirƙira ba ce. Shekara uku bayan fitowar fim ɗin, a Olamfik ɗin Sapporo ta 1972, kwamitin Olamfik a ƙarƙashin Avery Brundage ya kori Karl Schranz, babban gwanin Ostiriya kuma ɗan St. Anton, saboda hulɗarsa da kamfanonin kayan wasa. Ka tambayi dattawan wurin aikinka, za su ba ka labarin irin tarbar da mutanen Biyana, babban birnin Ostiriya, suka yi masa da ya dawo gida.

Akwai mace a labarin, Carole, mataimakiyar Machet, Camilla Sparv ce ta fito a matsayinta. A nan zan gaya maka gaskiya, wannan ɓangare bai kai sauran ƙarfi ba. Ba a ba matan fim ɗin wani zurfi ba, ana ganinsu ne kawai ta idon namijin da bai damu da kowa ba. Kuma akwai wuraren da bai kamata ka kalla tare da yara ba, ka bari sai sun kwanta. Amma wuri ɗaya ya biya kuɗin sauran. Ta ɓace masa lokacin Kirsimeti, da suka haɗu suna zaune cikin motarta Porsche, tana ta zuba masa labarin hutunta cikin fara'a kamar ba abin da ya faru. Bai ce uffan ba. Sai kawai ya miƙa hannu ya danne hon ɗin motar, ya ƙi saki. Mutumin da ya saba amfani da mutane ya jefar, yau ya gamu da wadda ta yi masa irin nasa, kuma ba shi da kalma ko ɗaya da zai faɗi abin da yake ji.

Yanzu ga abin da ya sa nake cewa fim ɗin ya fi sauran. Mun saba a fim ɗin wasa jarumi mai girman kai sai ya sha ƙasa, ya yi nadama, ya rungumi abokansa, sannan a ba shi kofi ladan gyaran hali. Chappellet bai gyaru ba. Ana saura kwanaki a tafi Olamfik, bayan an gama atisaye a Wengen, ya ja babban ɗan wasan tawagarsu, Johnny Creech, su yi tsere su biyu ba da izinin koci ba. A wurin da hanya take matsewa ta bi ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ya matse Creech har ya kusa haɗa shi da bangon dutse. Washegari a ainihin gasar Creech ya faɗi ya ji raunin da ya kai shi asibiti, Olamfik ta wuce shi. Koci ya wanke Chappellet tas, amma bai kore shi ba, domin shi kaɗai ne ya rage wanda zai iya kawo zinare. Tun kafin nan, da abokan wasansa suke ƙorafin cewa ba ya tafiya da jama'a, mataimakin koci ya tuna musu cewa ai wasan ma ba na jama'a ba ne, kowa shi kaɗai yake gangarowa. Na so in ƙi wannan magana, amma na rasa ta inda zan kama ta. Halin da ya sa ba a son zama da shi, shi ne dai halin da yake hana shi taka birki a inda wasu suke takawa.

Zan gaya maka ƙarshen, ka yi haƙuri, sanin sa ba zai rage maka komai ba. A Olamfik, gwanin Ostiriya Max Meier ne a gaba. Chappellet ya gangaro ya doke lokacinsa. Jama'a suka yanyame shi, 'yan jarida suna turereniya, koci yana murna. Ana cikin haka, can saman dutse wani yaro Bajamushe da ba a san shi ba, mai lambar baya, ya taso. Agogon tsakiyar hanya ya nuna yana gudun da ya fi na Chappellet. Kaɗan ne suka lura. Mu masu kallo mun gani, gabanmu yana faɗuwa. Saura ƙiris ya iso, sai ya faɗi. Ya tashi, ya lallaɓo zuwa ƙasa ba wanda ya kula shi. Idonsa ya haɗu da na Chappellet na ɗan lokaci kaɗan, sannan aka ɗaga zakara sama aka yi gaba da shi.

Ka duba abin da aka yi a nan. Wancan yaro shi ne Chappellet na farkon fim, baƙo mai lambar baya wanda hanya ta lalace kafin a zo kansa. Da bai yi tuntuɓe ba, da duk hayaniyar nan ta koma kansa, a bar namu a tsaye. Chappellet ya san haka, kallon da ya yi masa ya nuna ya sani. An ba shi zinarensa, ba a hana shi ba, kuma ya cancanta domin ya yi gudun. Amma an nuna mana siririn zaren da abin yake rataye a kai, an kuma nuna mana cewa wanda zai karɓe shi ya riga ya iso. Redford ya sha faɗin cewa ya so ya yi fina-finai uku a kan yadda Amurkawa suke bauta wa nasara, a wasa da siyasa da kasuwanci. Na siyasar ya fito a 1972, shi da Ritchie suka sake haɗuwa. Wannan na wasan bai yi kasuwa sosai ba da ya fito, kuma ban yi mamaki ba, mutane sun fi son a sallame su da farin ciki.

Wani abu kuma: lokacin da aka yi fim ɗin, babu Ba'amurke namiji da ya taɓa cin zinare a wannan tsere a Olamfik. Turawan yankinku ne suke rabawa a tsakaninsu, a 1968 ma Jean-Claude Killy na Faransa ya kwashe zinare uku a Grenoble. Sai a 1984 a Sarayebo wani Bill Johnson ya ci, yaro mai shekara 23, mai baki, wanda ya riƙa shelar cewa shi zai ci tun kafin a yi tseren, har ya ɓata wa 'yan Ostiriya rai. Mutane da yawa suka ce ga Chappellet ya fito a zahiri. Bayan wannan shekara Johnson bai sake yin wani abin kirki a wasan ba. A 2001 ya yi yunƙurin dawowa, ya faɗi ya samu rauni a ƙwaƙwalwa, ya yi ta jinya har ya rasu a 2016. Idan na tuna shi sai tambayar tsohon nan ta dawo mini.

Kai kuwa Allah ya ajiye ka a tsakiyar abin. Garinku ya karɓi Olamfik ta hunturu sau biyu, 1964 da 1976, kuma dutsen Patscherkofel da kake hange daga cikin gari, a kansa Franz Klammer ya yi gangarar da ta ba shi zinare a 1976, wadda har yau mutanen ƙasar suke ji da ita. Kitzbühel ba ta da nisa da ku a jirgin ƙasa, kuma a watan Janairu ake yin gasar Hahnenkamm. Ka kalli fim ɗin tukuna, sannan in hali ya yi ka bi abokan aikinka ka tsaya a gindin dutsen. Ka lura mini da waɗanda suke isowa can baya, bayan an gama tafi jama'a sun fara watsewa, ka rubuto mini yadda fuskokinsu suke.

Maganar filin nan da ka bar mini amana, an gama katanga, saura ƙofa, zan turo maka hotuna da lissafin abin da aka kashe a ƙarshen wata in sha Allahu. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka, suna tambaya ko za ka zo da babbar Sallah. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka